Rahoton odita ya ce kayan tsaf suke, to wa ya je bakin rami ya gani?

Malam Nasiru: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ga tambaya ga masana harkar ma'adinai. Manyan kamfanonin waya da na batir duk shekara suna fitar da rahoto cewa matatun da suke sayen kuza da tantalam da zinare da kobal a hannunsu sun tsallake binciken odita. Amma a ƙarshen Afrilun 2024 'yan tawayen M23 suka kama Rubaya a Kivu ta Arewa da ke gabashin Kongo, inda ake haƙo kusan kashi 15 cikin 100 na tantalam ɗin duniya. Ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya suka ce koltan, dutsen da ake ciro tantalam daga cikinsa, sama da tan ɗari ke fita duk wata ta Ruwanda, 'yan tawayen kuma na samun aƙalla dala 800,000 a wata daga haraji. Kayan nan ba ƙasa ce ta haɗiye su ba, wani ne ya narka su. To me oditan yake dubawa ke nan?

Barista Hadiza: Wa alaikumus salam Malam. A fara da sanin abin da aka ɗora wa oditan. Kusan duk tsare-tsaren nan a kan jagorar OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta ƙasashe masu ci gaba, suka ginu, jagorar da ta fito a 2011 aka fitar da bugunta na uku a 2016. Matakai biyar ne: kamfani ya kafa tsari a cikin gida, ya gano haɗarin da ke hanyar kayansa, ya tsara abin da zai yi a kai, wani daga waje ya zo ya bincika, sannan ya fitar da rahoto duk shekara. Mataki na huɗun shi ne aikin odita, kuma a matata ko masana'antar narkewa ake yinsa, ba a bakin rami ba. Dalili kuwa, ramuka dubbai ne, masu sayen ƙarfen dubbai ne, amma matatun duk duniya 'yan ɗaruruwa ne, nan ne hanyar ta tsuke. Abin da oditan ke sa wa hannu shi ne cewa matatar na da tsari kuma tana bin sa. Bai taɓa rantsuwa cewa kowane kilo mai tsabta ne ba.

Malam Nasiru: Ke nan ana iya cin jarrabawar alhali kayan 'yan bindiga na cikin tukunya?

Malam Ɗanjuma: Ƙwarai kuwa. Ga yadda aikin yake. Matatar ce ke neman binciken, ita ke biya, kuma ta san ranar zuwan odita tun da wuri. Kafin ya zo za ta ba shi jerin duk kayan da ta karɓa a shekarar, kowane da mai kawowa, ƙasar asali, nauyi da kuma yawan ƙarfen da ke ciki. Daga jerin zai zaɓi wasu ya ce a kawo masa takardunsu: shaidar asali, izinin fitarwa, takardar kwastam, takardun jirgi ko na mota, sakamakon awo, da shaidar biyan kuɗi. Sai fayil ɗin mai kawo kayan: wa ya mallaki kamfanin a zahiri, yana cikin jerin waɗanda aka ƙaƙaba wa takunkumi ko a'a. Sai lissafin shiga da fita: abin da ke sito a farkon shekara, a haɗa da abin da aka karɓa, a cire abin da aka sayar da asarar narkewa, dole ya yi daidai da abin da ya rage. Idan matata ta sayar da ƙarfe fiye da wanda takardunta suka nuna ta karɓa, akwai ƙofar baya. Wannan lissafin yana kama ɓarawo. Wanda ba ya kamawa shi ne kayan da suka shigo ta ƙofar gaba da takardu cikakku amma na ƙarya. Koltan ɗin Rubaya da ya tsallaka iyaka aka gauraya shi da na Ruwanda, da takardar Ruwanda zai iso, hatimi da sa hannu duk na gaske.

Injiniya Habu: Nan ne wurin da ya kamata a daɗe. A gabashin Kongo da Ruwanda da Burundi tsarin ITSCI ne aka fi dogara da shi. Jami'in gwamnati yana ɗaura wa buhu lamba a wurin haƙa, ya rubuta nauyi da rana da sunan wurin a littafi. In dillali ya wanke ya haɗa buhuna sai a ƙara lamba ta biyu. Duk ƙarfin tsarin yana kan abu guda: nawa wannan ramin zai iya fitarwa? In ba a san haka ba, lambar ta zama hajar sayarwa. Ramin da ya mutu tuntuni sai ya ci gaba da karɓar lambobi, ana ɗaura su a kan kayan da aka kwaso daga inda 'yan bindiga suke. Abin da ƙungiyar Global Witness ta zarga ke nan a 2022, ta kawo misalin yankin Nzibira a Kivu ta Kudu, ITSCI kuma ta musanta da dama daga cikin zarge-zargen.

Awon ba wani sihiri ba ne. Ka je wurin ba tare da sanarwa ba. Ka ƙirga ramukan da ake aiki a cikinsu, ba waɗanda ruwa ya cike ba. Ka ƙirga mahaƙa da masu ɗauka da masu wanki. Ka tsaya a wurin wanki ka ga buhun ƙasa nawa ake wankewa a yini, kuma kowane buhu nawa yake bari a kasko. A ɗauka misali buhu 300 ake wankewa, kowane na ba da gram 200, kilo 60 ke nan a yini, wajen tan ɗaya da rabi a wata in an cire ranakun hutu. In littafin ya nuna tan takwas, ba sai an kira malamin duba ba. Kuma a yi awon da rani da damina, domin da damina ramuka na cika, abin da ake samu ya ragu. Littafin da ke nuna adadi ɗaya kowane wata, ruwa ko rana, a ofis aka cike shi.

Hajiya Rabi: Injiniya, babu hanyar gane asalin dutsen a ɗakin gwaji?

Injiniya Habu: Akwai, Hajiya. Hukumar binciken ƙasa ta Jamus, BGR, ta samar da hanyar da ake duba sinadaran ƙwayoyin koltan da kuza da tangstin a gwada da samfurin da aka riga aka ɗebo daga ramin da aka ce daga can suka fito. Tana iya cewa wannan ba na can ba ne. Sharuɗɗa biyu: sai akwai samfurin ramin a ajiye, kuma sai ba a narka kayan ba. Tsada da jinkiri suka sa ba kowane lodi ake yi wa ba. Hanya mai araha ita ce duba alƙaluman ƙasa gaba ɗaya. Jagorar OECD da kanta ta ce in ƙasa na fitar da abin da ya wuce ƙarfin ramukanta, ko kuma an san ana ratsa ta da kayan yankin rikici, to a tsaya a zurfafa bincike.

Alhaji Sale: Ku yi haƙuri masana, ni ta ɓangaren mai haƙa nake kallo. Da aka yi dokar Dodd-Frank a Amurka a 2010, wadda ta sa kamfanoni bayyana asalin ma'adinansu, Shugaban Kongo na lokacin, Joseph Kabila, ya hana haƙa a Kivu biyu da Maniema daga Satumban 2010 zuwa Maris ɗin 2011, masu saye na waje kuma suka ja da baya. Wa ya kwana da yunwa? Ba janar ɗin da ke da bindiga ba, shi ya koma zinare da gawayi da shingen hanya. Yanzu kuma kuɗin lamba da na odita daga farashin buhun talaka ake zabge shi. Ga shi wanda ke da lamba shi kaɗai ke saye, sai ya yanka farashin da ya ga dama. In ka matsa wa mutum haka, kai ka nuna masa hanyar fasa-ƙwauri.

Barista Hadiza: Alhaji, kukanka a kan hanya yake, amma jagorar ba ta ce a gudu ba. Ta raba laifukan gida biyu. In an samu azabtarwa, aikin tilas, mafi munin bautar da yara, fyaɗe, laifukan yaƙi, ko tallafa wa ƙungiyar 'yan bindiga, nan take ake dakatar da ciniki da wanda abin ya shafa. In kuwa matsalar jami'an tsaro ce a wurin, ko cin hanci, ko ƙaryar asali, ko halatta kuɗin haram, ko ƙin biyan haraji, ana iya ci gaba da saye bisa rubutaccen shirin gyara, a ba shi wata shida. In babu ci gaban da za a iya aunawa, sai a dakatar. Kamfanoni ne suka ga guduwa ta fi araha. Oditan kirki in ya ga matata ta daina saye daga ƙasa sukutum, ya kamata ya tambayi dalili, ya kuma duba ko kayan ƙasar sun dawo mata ta maƙwabciya da sabon suna.

Ibro Agadez: Duk wannan mai sauƙi ne in aka gwada da zinare. Koltan sai da mota, zinare kuwa kilo ɗaya bai kai girman wayar hannu ba. Tun da aka gano na Jado a arewacin Nijar a 2014, kowa a Agadez ya san yadda yake tafiya: a narka a daji, a sa a jaka, a hau jirgi zuwa Dubai. Da zarar an narka, asali ya tafi. Ƙungiyar Swissaid ta ƙiyasta cewa aƙalla tan 435 aka fitar daga Afirka ta ɓarauniyar hanya a 2022 kaɗai. Dabarar da ta fi yawa ita ce a kira shi tsohon zinare. A matatar farko a zuba shi ya zama sanda ko awarwaro marar kyau, a sayar wa ta biyu a matsayin kayan ado da aka sake narkawa, ta biyun kuma ba ta da ramin da za ta bincika.

Malam Ɗanjuma: Shi ya sa awon sinadarai ke da amfani a nan ma. Kayan ado na gaske suna zuwa da ma'auni sananne, karat 18 ko 21 ko 22, da jan ƙarfe da azurfa daidai gwargwado, da ragowar abin liƙi. Wanda ya fito daga rami ma'auninsa ba ya tsayawa wuri ɗaya, kuma sau da yawa akwai burbushin zaiba. Na'urar awo ta hannu tana nuna wannan cikin ƙasa da minti ɗaya. Sai tambaya ta biyu: ɗan ƙaramin shagon da ke kawo kilo hamsin na tsohon zinare kowane mako, daga wuyan matan wane gari yake cirowa? Sai biyan tsabar kuɗi. Shari'ar da aka yi a Landan a 2020 ta nuna inda abin ke lalacewa. Amjad Rihan, wanda ya jagoranci binciken kamfanin odita na EY a matatar Kaloti ta Dubai, tawagarsa ta gano cinikin tsabar kuɗi na biliyoyin dala da kuma zinaren Maroko da aka shafe da azurfa don a fitar da shi. Kotu ta samu cewa an matsa a sassauta rahoton, ta ce a biya shi diyyar kusan dala miliyan 11. Oditan ya gani sarai. Matsalar tana wurin wanda ke biyansa.

Barista Hadiza: A ƙara da cewa dokar Tarayyar Turai da ta fara aiki a Janairun 2021 ba ta hau kan mai shigo da zinare ƙasa da kilo 100 a shekara ba. Mai wayo sai ya raba kaya tsakanin kamfanoni uku.

Dakta Maryam: Kun yi ta maganar bindiga, ba wanda ya taɓo ruwa da ƙasa. Jerin laifukan da Barista ta kawo babu gurɓata muhalli a ciki. Ma'ana zinare na iya tsallake binciken alhali ƙauyen da ya fito yara na mutuwa. Zamfara ce shaida. A 2010 yara aƙalla 400 suka rasu sakamakon gubar dalma a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma da Abare da Bagega, ba tare da an harba harsashi ko ɗaya ba. Dutsen zinaren na ɗauke da dalma mai yawa, ana farfasa shi a tsakar gida, ana niƙa shi a busasshe da injin niƙan hatsi, ƙura ta sauka inda yara ke rarrafe. An auna wurare da dalmar ƙasarsu ta haura kashi 100,000 cikin miliyan, alhali ma'aunin Amurka na wurin zama a lokacin 400 ne. Na'urar awon jini ta tafi-da-gidanka iyakarta maikrogram 65 na dalma a kowace desilita ta jini, yara da yawa sun wuce abin da take iya karantawa, kuma daga 45 ake fara ba da maganin fitar da dalma. Sai da aka kankare saman ƙasar gidajen aka zuba sabuwa kafin magani ya yi amfani, don in yaro ya koma gida mai guba aikin banza ne. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Saboda haka tambayar farko a wurin haƙar gargajiya: ina ake niƙa, a jiƙe ko a bushe, kuma da kayan aikin ake komawa gida?

Hajiya Rabi: Dakta, in kamfani ya kawo sakamakon gwajin ruwansa fa? Ai suna da shi.

Dakta Maryam: Suna da shi, Hajiya, amma ki tambayi wa ya ɗebo, a ina, yaushe. Odita ya ɗebi nasa. Aƙalla wuri uku: sama da ma'aikatar, daidai bakin magudanar da take zubarwa, da ƙasa inda mutane ke ɗiba, haɗe da rijiyoyin ƙauye. In babu na sama, kamfanin zai ce haka Allah ya halicci kogin. Ana auna tsamin ruwa nan take a bakin kogi, domin yana canzawa a kwalba. Na ƙarafa a tace da abin tacewa mai ƙofar maikron 0.45, a ɗiga asid ɗin naitirik har ma'aunin tsami ya sauka ƙasa da 2, a sa a sanyi wajen digiri 4. Na sayanaid akasin haka ne, soda ake sa masa har ya haura 12, in aka kuskura aka sa asid sai ya tashi ya zama iska mai kisa, kwalbar kuma ta nuna babu komai. A haɗa da kwalba ɗaya ta tsabtataccen ruwa da wata da aka ɗiba sau biyu aka ba ta wata lamba, don a gwada ɗakin gwajin shi kansa. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na ruwan sha shi ne maikrogram 10 a lita ga dalma, 10 ga asanik, 3 ga kadmiyam, 6 ga zaiba, 30 ga yuraniyam. Na ƙarshen yana da muhimmanci a yankin Katanga na Kongo, inda kobal ke zuwa tare da yuraniyam a wasu wurare. Kuma a ɗebi lakar gindin kogi. Kamfani na iya rufe famfo kwana uku kafin baƙi su zo ruwa ya washe, amma laka tana riƙe da abin da aka zuba shekara da shekaru.

Injiniya Habu: Sai madatsar laka, inda kamfani ke tara lakar da ta rage bayan an cire ƙarfe, wadda ita ce ke kashe mutane da yawa a lokaci ɗaya. A Brumadinho ta Brazil madatsar kamfanin Vale ta fashe ranar 25 ga Janairun 2019, mutum 270 suka mutu, da yawansu a ɗakin cin abinci da aka gina a ƙarƙashinta. Watanni huɗu kafin nan kamfanin bincike na Jamus TÜV SÜD ya sa hannu cewa lafiyarta ƙalau. Irin ginin da ake ɗora sabon bango a kan tsohuwar laka ne, in ruwa ya yi yawa a ciki sai lakar ta narke gaba ɗaya. Kada a karɓi takardar shaida kawai. A nemi ainihin alƙaluman na'urorin awon ruwan cikin bango na shekara biyu ko uku, a ga nawa ne suka mutu ba a gyara ba. A taka a duba magudanan gindi, a ga ko akwai damshi ko ciyawa shar a jikin bango da rani. A auna tazarar ruwa da saman bango. A nemi taswirar inda laka za ta bi in ta fashe, sannan a shiga ƙauyen da ke kan hanyar a tambaya ko sun taɓa jin ƙarar jiniyar gwaji. A Fabrairun 2025 ta kamfanin Sino-Metals ta fashe a yankin Chambishi na Zambiya, ruwan asid ya shiga kogin Kafue har aka rufe famfunan birnin Kitwe.

Malam Nasiru: Kobal fa? An ce manyan kamfanoni ba sa taɓa na masu haƙar hannu.

Malam Ɗanjuma: Haka suke cewa. Kongo ce ke ba da kusan kashi 70 cikin 100 na kobal ɗin duniya, kuma a Kolwezi babban rami da na hannu maƙwabtan juna ne, wani lokaci a fili ɗaya. A Yunin 2019 mahaƙan hannu fiye da 40 suka mutu da bango ya rufta a cikin filin kamfanin KCC na Glencore. Gaurayawar a masana'antar sarrafawa take faruwa, inda ake mayar da dutse garin da ake fitarwa zuwa Sin. Lissafin shi ne: tan nawa ramin kamfanin ya fitar, kashi nawa na kobal ke ciki, kashi nawa injin ke iya cirowa. In garin da aka fitar ya fi haka, daga rumfunan saye aka cike. Littafin mai gadin ƙofa da na sikelin manyan motoci sun fi rahoton manaja gaskiya, musamman shafukan dare.

Hajiya Rabi: Batun yara kuma, zuwa da rana tsaka da rakiyar motar kamfani ba ya nuna komai, an riga an kore su. Wurin wanki a bakin rafi da wurin tsince duwatsu za a je, da sassafe ko bayan an tashi makaranta, da kuma lokacin hutu. A duba rajistar makarantun kusa a ga watannin da yara ke ɓacewa. Hira da ma'aikata a yi ta a wajen ma'aikata, da tafintan da ba kamfani ya kawo ba, mata kuma mace ta yi musu, ba a rubuta suna. A tambayi 'yan kwangila daban, don su ne aka fi zalunta a albashi da kayan kariya. Zurfin rami ma a saka igiya a auna: dokar Kongo mita 30 ta yarda wa mai haƙar hannu. In an samu yara, korarsu ba gyara ba ce, rafi na gaba za su koma. Sai an ga kuɗin makaranta da abin da zai maye gurbin abin da suke kawowa gida.

Alhaji Sale: To wa zai biya duk wannan? Kar dai a ce mai buhu.

Barista Hadiza: Mai saye na ƙarshe ya kamata, Alhaji, kuma ana iya dubawa. A kwatanta farashin da ake biya a bakin rami mai lamba da wanda ɗan fasa-ƙwauri ke biya a ƙauye ɗaya a mako ɗaya. In na ɗan fasa-ƙwauri ya fi, an san inda kuɗin binciken ya faɗa, kuma an san inda kayan za su bi.

Malam Nasiru: Wanda rahoto kawai ya samu a hannu, ba zai je Kolwezi ba, me zai duba?

Malam Ɗanjuma: Ya duba wane wuri da wane ƙarfe da wace shekara binciken ya shafa, don kamfani na iya samun matata uku a binciki ɗaya. Ya duba ko an ambaci ramukan da suna ko kuwa ƙasa kawai aka rubuta. Ya duba ko an je wurin, wa ya je, da sanarwa ko babu. Ya duba kura-kuran da aka samu da ranar da aka ce za a gyara, sannan ya ɗauko rahoton bara ya ga ko su ɗin ne suka sake dawowa. Tsarin IRMA, wanda ke binciken wuraren haƙa su kansu, yana wallafa cikakken rahoton kowane rami da makinsa babi-babi, yawancin sauran kuwa taƙaitawa ce ta shafi biyu ko uku. Matatar da ke saye daga yankin rikici ta ce shekara guda cur ba ta samu ƙorafi ko ɗaya ba, ba ta dakatar da kowa ba, a nemi lambar wayar da ta ce ta ware don ƙorafi a kira a ji ko ana ɗauka.